Wa Ya Dace Mai Ciwon Fargaba Ya Biya Kuɗinsa Ya Gani?

Da yawa daga cikin masu fama da ciwon fargaba a kemis suke fara neman magani, ko kuma a yi ta auna musu hawan jini da gwajin maleriya da taifot, saboda a jiki suke jin abin: faɗuwar gaba ba dalili, bugun zuciya, gumi a tafin hannu, rashin barci, da zullumin da ba ya yankewa cewa wani mugun abu na tafe. Sai kuɗi sun tafi, gwaje-gwaje kuma sun nuna lafiya ƙalau, sannan wani ya ba da shawarar a nemi masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke ɗauke da wannan lalura, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani. Wanda ya yanke shawarar biya daga aljihunsa zai tarar da masu aiki iri-iri, sunayensu na kama da juna amma aikinsu daban, kuma sanin wannan bambanci shi ne zai hana shi asarar kuɗi da lokaci.

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. Ya yi shekara 6 a jami'a yana karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a asibitin koyarwa ko na masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma sunansa yana cikin rajistar hukumar MDCN mai kula da likitoci a Najeriya. Shi ne yake da ikon rubuta magani, shi ne kuma zai iya tantance ko wata cuta ce ta jiki take shigar burtu, domin yawan aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroyid, da ƙarancin jini, har ma da yawan cin goro da shan kofi da lemon ƙarin kuzari, duk suna kawo alamomi irin na fargaba. Magungunan da aka fi farawa da su, irin su sertraline da escitalopram, sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji amfaninsu, kuma ba a yanke su lokaci guda sai da sanin likita. Diazepam da Lexotan kuwa, waɗanda ake saye a kemis ba takarda, suna kwantar da hankali nan take amma jiki yana sabawa da su har ya kasa bari, shi ya sa likita mai gaskiya ba ya ɗora mutum a kansu na tsawon lokaci. Wanda fargabarsa ta hana shi fita kasuwa ko ofis, ko ta haɗu da tsananin damuwa ko shaye-shaye, wurin wannan likita ya kamata ya fara. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka bayan ganin farko, wanda yakan yi tsawo, sauran ganin gajeru ne, galibi na duba yadda magani yake aiki.

Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba likita ba ne kuma ba ya rubuta magani. Ya yi digiri na farko a fannin halayyar ɗan Adam, ya ƙara aƙalla digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya tare da horo a asibiti, kuma maganinsa zama ne da tattaunawa mai tsari. Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta a kan fargaba ita ce wadda ake kira CBT, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. A cikinta ana koya wa mutum ya kama tunanin da yake tayar masa da hankali, ya auna shi da hujja, sannan ya riƙa tunkarar abin da yake gudu a hankali a hankali, har jikinsa ya gane cewa bala'in da yake jira ba ya aukuwa. Zama ɗaya yakan kai minti 50 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako, kuma hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta ba da shawarar zama 12 zuwa 15 ga mai fargaba ta yau da kullum. Ana ba da aikin gida tsakanin zama da zama, wanda kuwa ba zai yi aikin ba, kuɗinsa kawai yake zubarwa. A ganina, ga wanda likita ya riga ya duba jikinsa kuma fargabarsa ba ta kai ga kwantar da shi ba, nan ne kuɗinsa zai fi yi masa amfani, domin dabarar da ya koya tana nan tare da shi bayan an gama zama.

Mai ba da shawara, wanda galibi ya karanta fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, ya fi dacewa da matsalar da take da sanannen tushe, kamar rikicin aure, rashin wani makusanci, ko tsoron jarrabawa. Kuɗinsa yakan fi sauƙi, kuma akwai nagartattu a cikinsu. Amma a nan ne ƙofa ta fi buɗewa ga 'yan ci da ceto, domin kowa na iya yin kwas na 'yan kwanaki ta intanet ya buɗe shafi a Instagram yana kiran kansa ƙwararre. Laƙabin Dakta ma ba hujja ba ce, tunda mai digiri na uku a kowane fanni yana ɗauke da shi. Nas-nas da suka ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa da jami'an jin daɗin jama'a su ma suna cikin tawagar, amma a asibiti aka fi samunsu, suna bibiyar magani da matsalolin iyali.

Kafin a tafi asibitin kuɗi ya kamata a auna na gwamnati. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da kuma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, duk suna duba marasa lafiyar da suke zuwa su koma gida, kuɗin kati kuma bai kai na asibitin kuɗi ba. Abin da mutum yake saye a asibitin kuɗi shi ne lokaci da sirri da tabbacin cewa mutum ɗaya zai riƙa gani kowane mako, ba tare da dogon layi ba, sau da yawa kuma ƙwararrun da suke aiki a na gwamnati da safe su ne suke duba mutane a can da yamma. Lissafin da ya dace shi ne a ninka kuɗin zama ɗaya sau 12, a haɗa da kuɗin mota da na magani idan akwai, domin tsayawa a zama na uku saboda aljihu ya gaza yana barin aiki rabi da rabi. Idan jimillar ta yi nauyi, ana iya ganin likita a asibitin gwamnati a ajiye kuɗin don zaman tattaunawa, ko a nemi ragi idan za a biya na zama da yawa a dunƙule.

Harshe ma abin dubawa ne, kuma ana yawan raina shi. Wanda da Hausa yake tunani, da ita yake jin tsoro, zai sha wahala wajen bayyana zullumin zuciyarsa da Turanci, kuma sa ɗan'uwa ya yi tafinta yana kashe sirri. Mace tana da damar neman mace 'yar'uwarta. Mai riƙo da addu'a da azkar ya nemi wanda zai mutunta hakan, kamar yadda malami na gari ba zai hana shi shan maganin asibiti ba. Zama ta waya ko bidiyo yana amfani ga wanda yake nesa da birni, muddin yana da ɗakin da ba za a ji maganarsa ba.

A ganin farko mai biya yana da haƙƙin tambayar inda mai duba shi ya yi karatu, da hukumar ko ƙungiyar da ta yi masa rajista, da hanyar da yake bi wajen magance fargaba, da adadin zaman da yake hasashe, da kuma wanda zai iya ganin bayanansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi haƙƙin sirri da mutunci ga mai neman magani. Ƙwararre yakan yi amfani da ma'aunin tsananin fargaba irin GAD-7, tambayoyi 7 masu maki daga 0 zuwa 21, ya maimaita shi bayan 'yan makonni don a ga ko ana samun sauƙi. Idan an yi zama 6 ba wani sauyi kuma ba bayani, a faɗa masa kai tsaye, ko a sauya wani. Wanda kuwa tunanin halaka kansa ya fara zo masa, kada ya jira ranar da aka ba shi: ya sanar da wani na kusa, su tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar.