Dawisun Indiya ko Jan Aku na Dajin Amazon?

In aka ce a zaɓi tsuntsun da ya fi ado, mutane da yawa dawisu za su nuna. Indiya ma ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa tun 1963. Namijin ne ke da kwalliyar: jelarsa kan kai mita ɗaya da rabi, in ya baje ta lokacin damina sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar idanu suna kallonka. Shuɗin nan da koren ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke karya haske. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, kuma bayan lokacin barbara namijin yakan zubar da jelar.

Jan aku, wanda ake kira makaw, shi ne tsuntsun ƙasar Honduras. Ja ne jawur, da rawaya da shuɗi a fukafukai, mace da namiji duk iri ɗaya, shekara zagaye. Bakinsa na fasa ƙwallon 'ya'yan itace mai tauri. A Peru, da sassafe sukan yi dandazo a gaɓar kogi suna cin yumɓu.

Ni dai makaw na zaɓa. Dawisu yawanci a ƙasa yake taƙamarsa, shi kuwa makaw sai ka ɗaga kai ka ga biyu sun keto saman daji, fiffike kusa da fiffike.