Man Saifires ko Man Turare: Wanne Ya Dace da Murar Yara da Jijiyar Ƙafa?

Hajiya, barka da war haka, ya sanyin Jos? Na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce an kawo miki tallar wata 'yar kwalba ta man saifires, aka ce yana maganin mura da tarin da ke damun yara a hunturun nan, yana kuma kwantar da jijiyoyin da suka taso miki a sharaɓa tun haihuwar auta, shi ne kike son sanin ko ya fi man ganyen itacen turare (eucalyptus) da muka saba da shi. Da duka biyun nake aiki wajen haɗa sabulu da man shafawa, don haka bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Turare kin san shi. Duk wanda ya bi ta Rayfield ko Bukuru ya ga dogayen itatuwansa a bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari. Asalinsa daga Ostareliya yake, an dasa shi a Filato ne don farfaɗo da ƙasar da aka haƙe. Man da ke kwalba galibi na jinsin Eucalyptus globulus ne, kuma ƙasar Sin ta fi kowa tatsarsa. Saifires kuwa baƙo ne a wurinmu. Itace ne siriri dogo kamar mashi, ba ya kaɗe ganye rani da damina, gidansa ƙasashen bakin Bahar Rum da Iran. Larabawa suna ce masa sarwu, a jikin kwalba kuma za ki ga Cupressus sempervirens. A garin Abarkuh na Iran akwai wani da ake kiyasin ya kai shekara 4,000. Faransa da Sifaniya da Maroko suna cikin masu tatsar mansa. Yadda ake fitar da su ɗaya ne: a tura tururi ta cikin ganye da ƙananan rassa, tururin ya kwaso mai, a sanyaya shi, man ya taso saman ruwa a kwashe.

Bambancin yana cikin kwalbar. Man turare na magani kusan sinadari ɗaya ne ya cika shi, siniyol, wanda ƙa'idar masu haɗa magunguna ta ce kada ya gaza kashi 70 cikin 100. Shi ne wannan ƙamshin mai ratsa hanci har tsakar ka. Man saifires kuwa alfa-fainin ne ya fi yawa a cikinsa, daga kashi 40 zuwa 65, sai delta-3-karin kashi 12 zuwa 25, da ɗan sidirol mai ƙamshin katako. Ƙamshinsa a natse yake, kamar an yanki ɗanyen reshe da safe ƙaro yana tsatsowa. Ina son sa ƙwarai a sabulun maza, kuma saboda ƙamshin nan nake sayensa.

A kan mura, turare ya yi masa nisa. An gwada siniyol a kan mutane a Jamus. A wani bincike na 2004 an ba masu toshewar hanci da ciwon kogon fuska ƙwayoyin siniyol miligiram 200 sau uku a rana, suka fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a ciki saurin samun sauƙi. Yana tsinka majina, yana rage kumburin hanyar numfashi. Shi ya sa ake sa shi a man zafi. A cikin Vicks akwai man turare kashi 1.2. Amma ki lura, waɗancan ƙwayoyi ne na musamman da aka auna, ba man kwalba aka ɗura musu ba. Saifires abin da aka gani game da shi yawanci a ɗakin gwaji ne, inda ya hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin faranti. Daga faranti zuwa ƙirjin yaro mai tari akwai tafiya, kuma ba a yi babban gwajin da ya nuna yana warkar da tari ba.

Nan ne hankalina ya fi tashi, domin yara kika ambata. Ƙarfin da ya sa turare yake aiki shi ne haɗarinsa. Cokalin shayi ɗaya na tsantsarsa, ko ma ƙasa da haka, in yaro ya sha zai iya jawo masa jiri da amai da jijjiga har ya suma. Kada a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2 a hanci ko fuska, yana iya shaƙe masa numfashi. Ga babba, ɗigo 2 ko 3 a kwanon ruwan zafi ya isa surace, ido a rufe. Ƙananan yara ba a yi musu surace da tafasasshen ruwa, ƙuna ta fi murar muni. Saifires ma ba na sha ba ne, kuma mai asma da mai juna biyu gara su bar shi.

Maganar jijiya kuwa tana da tushe, sai dai an karkatar da ita. Tun dā mutanen Bahar Rum suna dafa 'ya'yan itacen saifires, waɗannan masu kama da 'yar ƙwallo, don basir da jijiyoyin ƙafa. Abin da ke aikin a cikinsu shi ne sinadarin bauri, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, mai tsuke fata da nama. To shi wannan sinadari nauyi gare shi, ba ya bin tururi. Ke nan ana barinsa a tukunya, ba ya shiga kwalbar da aka kawo miki. Sunan 'ya'yan ne man ya gada. Su jijiyoyin suna tasowa ne saboda 'yan marfin da ke cikinsu, masu hana jini komawa ƙasa, sun yi rauni da nauyin ciki da yawan tsayuwa, sai jini ya taru. Mai ba ya gyara marfi, na saifires ne ko na turare. In kin ji sauƙi bayan shafawa, tausar da aka yi daga ƙasa zuwa sama ce ta taimaka. Abin da ya fi amfani shi ne safar asibiti mai matse ƙafa, da ɗora ƙafa a kan matashi idan kin kwanta, da tattaki kullum. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da ciwo, kada a tausa ta ko kaɗan. Asibiti za a nufa a ranar, don yana iya zama gudan jini ne.

In kin riga kin saya, ki kula da ajiyarsa, domin a nan ma sun bambanta. Siniyol yana jure zama. Alfa-fainin da delta-3-karin kuwa iska da haske suna ɓata su, su koma abin da ke sa fata ƙaiƙayi. Na taɓa manta wata kwalba a kan taga, murfin bai rufu sosai ba, ta yi watanni rana tana dukanta. Da na buɗe, man ya yi kauri, ƙamshin ya koma kamar na tsohon fenti. Na yi ganganci na shafa a bayan hannu, washegari wurin ya yi ja da ƙananan ƙuraje, sai da na yi kusan mako ina fama. Ki ajiye shi a kwalba mai duhu, a wuri mai sanyi inda hannun yara ba ya kaiwa, ki ƙarar da shi cikin shekara guda da buɗewa. Ɗigo 1 ko 2 a cokalin shayi na man kwakwa ko man kaɗe ya wadatar, ki fara gwadawa a ɗan wuri ki jira kwana ɗaya.

Ki kuma duba sunan da ke jikin kwalbar. Akwai shuɗin saifires na Ostareliya da hinoki na Jafan, duk itatuwa ne dabam. Akwai kuma tuja, mai ganye kama da nasa, wanda mansa ke ɗauke da sinadarin da ke jawo jijjiga. In ba ki ga Cupressus sempervirens a rubuce ba, ki mayar wa mai tallar kayanta.