Kulob shida kewaye da kai, ko ɗaya ba ka gani: MLB.TV ko kebul?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kun tare a Des Moines ta jihar Iowa, yaron wajenka ya kwaso son kulob ɗin besbol na Chicago Cubs daga makaranta, kullum da hular kulob ɗin yake kwana. Kana so ka san wanne ya fi tsakanin biyan MLB.TV, manhajar kallon besbol ta intanet, na kakar wasa guda da jawo talabijin na kebul gida. Wani abokin aikinka ya ce MLB.TV tana toshe wasa, wani kuma ya ce kebul ɗin ma ana wayar gari a tarar tasha ta yi ɓatan dabo. Dukansu gaskiya suka faɗa maka. Sai dai ciwo biyu ne daban, kuma da yawa a nan Amurka kuɗinsu ya salwanta don sun sha maganin wannan alhali wancan ke damunsu.

Bari in fara da toshewar yanki, don ita ce za ta fara cin ka. Hukumar MLB, mai kula da babbar gasar besbol ta kulob 30, ta yanka ƙasar nan gunduwa-gunduwa, ta ce nan gonar wane ce, can ta wane. A tsarin da aka saba, kowane kulob yana sayar wa tashar yankinsa izinin nuna wasanninsa, ita kaɗai, da kuɗi masu kauri. Tashar da ta zuba wannan kuɗi ba za ta yarda hukuma ta zagaya ta bayan gida ta sayar wa mutanen yankin wasa ɗaya ta intanet ba. Shi ya sa MLB.TV, wadda aka fara a 2002, tun asali an yi ta ne don wanda ke nesa da kulob ɗinsa. Idan adireshinka ya faɗa gonar Cubs, wasan Cubs ba zai buɗe maka kai tsaye ba, ko a Chicago suke bugawa ko sun tafi baƙunta San Francisco. Sai an tashi wasa da kamar minti 90 a sake maka shi, lokacin da yaran unguwa sun riga sun gaya wa ɗanka sakamako.

Kai kuma Allah ya kai ka inda abin ya fi tsanani. Iowa ba ta da babban kulob ko ɗaya, amma kulob shida ne ke cewa gonarsu ce: Cubs da White Sox na Chicago, Cardinals na St. Louis, Royals na Kansas City, Twins na Minnesota, da Brewers na Milwaukee. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Daga ƙofar gidanka zuwa filin Wrigley, gidan Cubs a Chicago, tafiyar kusan awa biyar ce a mota, amma a taswirarsu kai ɗan gida ne. Mutanen Las Vegas ma kulob shida aka rufe musu. A Agustan 2021 an kawo wa jihar babban wasa har gida, White Sox da Yankees a tsakiyar gonar masara a Dyersville, aka yi biki aka watse, taswirar tana nan yadda take.

Za ka iya tuna abin da ke faruwa a Ingila, inda ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma ba a nuna ƙwallon ƙafa kai tsaye a talabijin, har yaro a gidan kallo a Fagge ya ga wasan da mutumin Manchester bai gani ba. Sun yi kama, amma dalilin ya sha bamban. Na Ingila don a sa mutane su je fili ne, kada ƙananan kulob su rasa 'yan kallo. Na besbol babu ruwansa da tikiti, ko fili ya cika ya batse toshewar tana nan, don kuɗin tasha ake tsarewa. Abin dariyar shi ne, da a Kano kake da MLB.TV ɗinka, ba ka cikin gonar kowa. Wasan rana da Cubs suka saba farawa ƙarfe 1:20 a Wrigley zai same ka ƙarfe 7:20 na dare, bayan magariba, ka kalla kana cin tuwo.

Rigimar kebul wata aba ce daban, ita hukuma ba ta ciki. Ciniki ne ya lalace tsakanin tasha da kamfanin da ke kawo maka ita. Tashar wasanni tana karɓar kuɗi a kan kowane gida da ke cikin kunshin, duk wata, ko mai gidan ya san yadda ake riƙe sandar besbol ko bai sani ba. Idan yarjejeniya ta ƙare, tasha ta ce a ƙara, kamfani ya ce ba zai ɗora wa tsohuwar da labarai kawai take kallo kuɗin wasa ba, sai kowa ya ja daga. Hausawa na cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Wannan kam kallon naka shi ake fara kashewa.

Na zauna a Los Angeles lokacin da aka yi mafi munin irinta, don haka zan ɗan daɗe a nan. Kamfanin Time Warner Cable ya ƙulla da Dodgers a kan dala biliyan 8.35 na shekara 25, aka buɗe tashar SportsNet LA a 2014. Don ya mayar da kuɗinsa, sai ya nemi kusan dala 5 a wata a kan kowane gida daga sauran kamfanoni. DirecTV da wasu suka ce ba su gani ba. Aka ce ai kafin kaka ta yi nisa za a shirya. Kaka shida cur aka yi, mafi yawan gidajen birnin ba sa ganin kulob ɗinsu, kuma MLB.TV ba ta cece su ba, tunda su 'yan gida ne a taswira. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya fi yi wa mutane ciwo, shekarun ƙarshe ne na Vin Scully, mai sharhin da ya yi kaka 67 yana kawo wasan Dodgers tun suna Brooklyn. Da zai ajiye aiki a 2016, sai da aka ɗora wasanninsa shida na ƙarshe a tashar KTLA ta kyauta don jama'a su yi ban kwana da shi. DirecTV ba ta ɗauki tashar ba sai Afrilun 2020, daidai lokacin da korona ta dakatar da wasa har zuwa Yuli. Ta leƙo ta koma.

Ina da maƙwabci a lokacin, dattijo ɗan asalin Mekziko, direban bas da ya yi ritaya. Duk yamma zai fito da kujerar roba bakin ƙofa, ya ɗora ƙaramar rediyo a kan bokitin fenti da ya kife, ya kamo AM 570. Zagaye uku na farkon wasa ana haɗa muryar Scully da rediyo, to a nan ko gaisuwa ba ya amsawa sai da hannu. Idan aka shiga na huɗu, wata murya ta karɓa, sai ya rage sauti ya juyo ya tambaye ni ya aiki. Akwatin talabijin ɗinsa mai faɗin ƙofa na falo a kashe. Ni da na taso ina ganin tsofaffinmu da rediyo manne a kunne, a wurinsa na koyi dokokin wasan, ba a allo ba.

Kada ka ɗauka Los Angeles ce kawai. Masoya Yankees da ke kan kebul ɗin kamfanin Comcast a New Jersey da Connecticut sun rasa tashar YES daga Nuwamban 2015, kakar 2016 ta wuce su gaba ɗaya, sai 2017 ta dawo. Kamfanin Dish ya sauke tashoshin yanki na Fox a 2019, YouTube TV da Hulu suka bi sahu a 2020. Tashoshin nan su ne aka sauya wa suna Bally Sports, kamfaninsu Diamond Sports Group ya je kotu a Maris 2023 ya ce bashi ya yi masa katutu. A 2024 Comcast ya sauke su daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Agusta, tsakiyar kaka, maƙwabtanku masoya Twins na cikin waɗanda abin ya shafa. Da aka shirya kuma, sai aka mayar da tashoshin cikin kunshi mafi tsada.

To, ka jera su kusa da juna. Toshewar yanki ka san da ita tun kafin ka biya: akwai wurin da za ka sa lambar zip ɗinka, wato lambar gidan waya ta unguwarku, a shafin MLB ya lissafo maka kulob ɗin da aka rufe maka, kuma bana da baɗi duk ɗaya ne sai dai in ka ƙaura. Rigimar kebul ba ta sallama, tana iya faɗo maka kana tsakiyar kwantiragin shekara biyu, ta yi wata uku ko shekara shida. Ta farko sauya kamfani ba ya maganinta. Ta biyu wani lokaci yana yi, in unguwarku akwai wani kamfanin kuma mai gidan haya ya yarda a kafa dish. Ta fuskar aljihu, MLB.TV dala 149.99 ce a kakar 2025, kebul kuwa kunshin da ke ɗauke da tashar wasanni yakan kai dala 100 a wata guda. Amma arha ba ta da amfani in abin da ka je saye ba ya cikin buhun. Mai son Yankees ko Dodgers da ke zaune a Des Moines, MLB.TV garaɓasa ce a wurinsa, mafi yawan wasanni 162 na kulob ɗinsa za su zo masa. Mai son Cubs a gida ɗaya da shi, kulob 24 da bai nema ba zai samu.

Akwai hanya ta uku da abokan aikinka ba su ambata ba, don sabuwa ce. Da tsarin kebul ya fara tangal-tangal, tashoshi suka fara sayar wa 'yan gida kai tsaye ta manhaja. NESN ta Red Sox ta fara a 2022. Da Diamond ya kasa biyan Padres a Mayun 2023, hukuma da kanta ta karɓi nuna wasanninsu ta buɗe wa mutanen San Diego a dala 19.99 a wata ba toshewa, daga baya aka yi wa Diamondbacks da Rockies da Twins da Guardians haka. Tashar Cubs, Marquee Sports Network, wadda ta gaji WGN a 2020, ita ma ta buɗe nata a Yulin 2023 a kan dala 19.99 a wata. A nan taswirar da ta cuce ka a can ita ce ke ba ka dama, domin sai ɗan gida ake sayar wa.

Wani zai raɗa maka VPN, dabarar da ke ɓoye inda kake a intanet. Ya saɓa wa sharuɗɗan da ka sa wa hannu, manhajar waya kuma tana duba inda kake tsaye, ni ba zan gina farin cikin yaro a kan abin da zai iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa ba.

Da ni ne kai, kebul ba zai shigo gidana don besbol kaɗai ba, MLB.TV kuma zan bar ta sai ranar da yaron ya fara son kallon kowa da kowa. Zan shiga shafin Marquee in sa lambar zip in tabbatar ana sayar wa unguwarmu, in duba farashin ranar, in biya wata-wata daga Afrilu zuwa Satumba, in kaka ta ƙare in yanke. Kada ka biya shekara gaba ɗaya kafin ka ga wasa ɗaya ya buɗe a akwatinka, cinikin biri a sama ne. Ka sani kuma ko da ita wasu wasannin za su tsere maka, waɗanda aka sayar wa tashoshin ƙasa baki ɗaya, kamar na daren Juma'a da Apple ke nunawa tun 2022. Ka sayi eriya ta 'yan daloli ka manna a taga, Fox tana shigowa kyauta, kuma a nan ake nuna wasannin ƙarshe na cin kofi, wato World Series. Sauti ba a toshe shi, manhajar MLB tana kawo sharhin rediyon kowane kulob ko'ina kake, ga tashar Cubs a 670 AM da za ka iya gwadawa a mota da daddare.

Sannan ka duba bayan gidanka. Iowa Cubs, matakin da ke ƙasa da babban kulob, a Principal Park suke wasa, nan cikin Des Moines. Samarin da ake shirin kaiwa Wrigley a nan suke, manyan da suka ji rauni ma wani lokaci nan ake turo su su warware ƙafa. Ku je da wuri, ka sa shi ya riƙe safar kamun ƙwallonsa ku tsaya kusa da shinge lokacin da suke motsa jiki. Ka gaida min shi da mamansa.