Na biya jagora ta zaga da ni kasuwannin Bankok da wuraren abincin halal: ga yadda na gani

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Bankok saro kaya, tsakanin kasuwar Pratunam da unguwar Nana suke ƙare tafiyarsu. Da rana a sari riguna da jakunkuna, da dare a nufi layin Larabawa na Sukhumvit Soi 3 a ci shawarma, saboda gudun naman alade. Gudun yana da dalili, domin mafi yawan 'yan Tailan mabiya addinin Buda ne, kuma alade na shiga girkinsu sosai, har cikin romo da man suya. Amma ban so in je ƙasar da ake yabon girkinta a duniya in dawo ban ɗanɗana ba. Shi ya sa na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ya haɗa mu da jagora Musulma 'yar ƙasar, ranar Asabar.

Daga unguwar Bang Rak muka fara, kusa da masallacin Haroon, wani tsohon masallaci da ke cikin lungu a gefen titin Charoen Krung. Nan ta nuna mana tambarin halal da Majalisar Musulunci ta Tailan ke bayarwa, kore da rubutun Larabci, ta ce in mun gan shi mu ci hankali kwance. Wannan kaɗai ya biya ni rabin kuɗina.

Abin da aka fara kawowa khao mok gai ne, shinkafar da aka dafa da kurkum da kayan ƙamshi, da cinyar kaza a kai, da soyayyar albasa, da wata koriyar miya mai tsami da zaƙi a ɗan kwano. Girkin Musulmin ƙasar ne, kuma duk wanda ya saba da dafa-duka ba zai yi baƙunta da shi ba. Shinkafar da suke ci a gida ba irin 'yar Tailan ɗin da ake kawo mana a buhu ba ce, wadda aka turara kafin a casa. Tasu hom mali ake ce mata, taushi gare ta, kuma ƙamshinta kan riga farantin isowa gabanka.

Tom yum kuwa ta kama ni. Romon jatan lande ne da lemun tsami da barkono da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sawa a shayi. Cokali ɗaya gumi ya karyo min, amma ban ajiye ba sai da na ga ƙasan kwano. Som tam a gabanmu matar ta daka shi a turmi: ɗanyar gwanda da aka yayyanka siri-siri, tumatir, gyaɗa, tafarnuwa, barkono. Kafin ta jefa barkonon sai ta ɗaga shi tana kallona, ta jira na nuna mata nawa da yatsu.

Inda muka raba hanya da girkinsu shi ne sukari. Pad thai taliyar shinkafa ce da tsamiya da ƙwai da gyaɗa, da ta yi daɗi ƙwarai, amma zaƙin ya yi min yawa, kuma ga gwangwanin sukari a kan tebur kusa da na barkono don mai son ƙari. Mai ciwon suga ya yi magana tun kafin a ɗora kasko. Shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa ce kawai zaƙinta ya zauna daidai.

Kasuwar Chatuchak Asabar da Lahadi take cika, rumfuna dubbai, daga tufafi da tangaran har tsirrai. Ciniki da kalkuleta ake yi: mai kaya ta danna kuɗinta, ki danna naki tayin, ta yi murmushi ta girgiza kai ko ta ƙara ragi. Ba mai jan hannunki, ba mai ɓata rai don kin duba ba ki saya ba. Wata mai sayar da gyale ta ga na gaji, ta turo min kujerarta, ta juyo fanka wajena, alhali ban sayi komai a wurinta ba. Da zan tashi ta haɗa tafukan hannu a ƙirji ta ɗan sunkuyar da kai. Haka karamcinsu yake, ba surutu.

Ƙorafina ga kamfanin biyu ne. Sun kai mu Chatuchak da tsakar rana, lokacin da zafi da cunkoso suka fi tsanani a lungunan, alhali da safe ya kamata. Sannan aka tsayar da mu a wani shagon duwatsun ado da ba ya cikin tsarin da muka biya, lokacin da ya dace a ba kasuwar Or Tor Kor, mai kayan marmari, ya tafi a nan. A gurguje muka leƙa ta.

Jagorar kanta ba ni da abin cewa sai godiya. Da la'asar ta yi, ita ta ce min, "Hajiya, mu je ki yi salla tukuna." Idan za ki ɗauki irin wannan hidimar, ki nemi a rubuta miki wuraren da za a je tun kafin ki biya, ki ce a fara da Chatuchak da sassafe, kuma ki riƙe canjin baht, kuɗin ƙasar, a hannu, domin yawancin masu abinci a bakin titi tsabar kuɗi suke karɓa daga baƙo.