Burodin Acha a Wani Ƙauye Kusa da Vom

A hutun ƙarshen shekara da muka yi a Jos ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mun ware rana guda domin zuwa Vom, garin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Bayan mun wuce Bukuru ne direbanmu ya ratse da mu zuwa wani ɗan gidan burodi da ke haɗe da wurin shan shayi, a daidai lokacin da hazon hunturu bai gama washewa ba, kuma duk wanda ya san sanyin Filato a watan Disamba ya san cewa rigar sanyi kaɗai ba ta wadatar da baƙo.

Wurin ɗaki biyu ne da rumfar kwano, da tebura huɗu da bencina. Wata dattijuwa ce ke riƙe da shi, ita da ɗanta mai kula da tanda. Ta tarbe mu da cewa, "Sannunku da zuwa, Malam, ku matso kusa da wuta saboda yaran."

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne burodinsu na acha. Acha tsohon abinci ne a ƙasar Birom, amma garinta ba ya da danƙon da ke sa kwaɓi ya tashi, saboda haka suke haɗa shi da fulawa, su bar kwaɓin ya kwana, sannan su gasa shi da asuba a tandar itace. Ɓawonsa yana da ƙarfi da ɗan ƙamshin hayaƙi, cikinsa kuwa yana da nauyi da laushi, ba irin burodin kanti ba da sukari ya yi wa yawa, wanda yake shafewa da zarar an matsa shi. Mun ci shi da zafinsa, da man shanu da zuma, kuma yanka biyu suka riƙe ni har azahar. Shayin citta da kanumfari ya yi daɗi ƙwarai. Yaran sun fi son kek mai sitiroberi, wanda ake nomawa a Chaha, nan kusa.

Gahawarsu ba ta gamsar da ni ba, domin ta gwangwani ce, kuma ruwa ya yi mata yawa. Ba sa karɓar kati, taransifa ma sai da na fita bakin titi neman sabis kafin ta tafi, saboda haka ya kyautu mai zuwa ya riƙo tsabar kuɗi. Ya kuma yi sammako, domin kafin ƙarfe goma burodin achan ya ƙare a gabanmu.

Da za mu tafi na ce, "Mama, a ajiye mana guda uku gobe." Washegari direban ya koma ya karɓo, muka taho da su Kaduna a naɗe cikin takarda.