Sharhi: Bangkok 8, ɗan sandan da ya ƙi cin hanci a ofishin da kowa ke ci

Littafin Bangkok 8 na John Burdett ya fito a 2003. Marubucin Bature ne ɗan Ingila wanda ya yi aikin lauya a Hong Kong. Na karanta shi da Turanci, kuma tun daga babin farko ya riƙe ni.

An buɗe labarin da wani sojan ruwan Amurka, William Bradley, a kulle cikin Marsandi a Bankok, babban birnin Tailan, tare da mesa da gamsheƙai da aka ɗura wa ƙwaya. 'Yan sanda biyu ne ke bin motar, Sonchai da amininsa Pichai. Maciji ya sari Pichai ya mutu, Sonchai kuwa ya yi alwashin kashe duk mai hannu a ciki.

Kisan da binciken ba su ne suka fi tsaya min a rai ba. Zaman Sonchai a ƙarƙashin Kanar Vikorn, shugaban 'yan sandan Gunduma ta 8, shi ne gishirin littafin. Vikorn ya yi kuɗi da haramun, bai kuma ɓoye ba. Sonchai ba ya karɓar ko sisi. Da can shi da Pichai 'yan iskan gari ne. Bayan Pichai ya kashe wani dillalin ƙwaya suka fake a gidan ibadar mabiya Buddha a daji, kuma shugaban gidan ne ya tura su aikin ɗan sanda don su kankare laifinsu. Saboda haka ƙin cin hancinsa ba don ya gyara hukumar ba ne. Tsoron karma yake yi, sakamakon aiki da mabiya Buddha suka yi imani yana bin mutum har rayuwa ta gaba. Duk da haka yana ƙaunar Kanar ɗin, yana girmama shi kamar uba, kuma a inuwarsa yake rayuwa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin gaskiya ce mai ɗaci: mai tsabtar hannu yakan dogara da mai dattin hannu kafin ya tsira da aikinsa.

Ni Musulmi ne, ban yarda ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu ba, amma na fahimci mutumin da tsoron hisabi ke riƙe masa hannu. Inda Sonchai ke duban mutum ya ce ya ga abin da ya kasance a rayuwar baya, marubucin bai mai da shi abin dariya ba, kuma na yaba da haka. Muhawararsa da Kimberley Jones, jami'ar hukumar bincike ta Amurka, FBI, da aka turo, ita ma ta yi armashi.

Inda ban gamsu ba shi ne batun mata. Mahaifiyar Sonchai, Nong, tsohuwar karuwa ce, mahaifinsa sojan Amurka ne na zamanin yaƙin Biyetnam. Littafin ya sauƙaƙa karuwanci har ya zama tamkar sana'a mai riba kawai, kuma a nan na ji muryar baƙo ce ke magana da bakin ɗan ƙasa. Ƙarshen labarin ma ya zo a gaggauce.

Akwai batsa da zubar da jini, don haka ba na yara ba ne. Ga babban da ke son labarin bincike mai sa tunani, ya cancanci kuɗinsa. Na biyu a jerin, Bangkok Tattoo na 2005, shi zan nema yanzu.