Gargaɗi ga mutanen Damagaram: ana karɓar kuɗi da sunan ceton dabbobi

Ɗan ƙanwata ya yi asarar jika 35 cikin sati biyu, kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai da mahaifiyarsa ta tambaye shi kuɗin tunkiyar da ya sayar mata. Da dare ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya ce, "Kawu, an cuce ni." Na yi shekaru ina aikin duba dabbobi a karkarar jihar nan kafin in yi ritaya, shi ya sa da na karɓi wayarsa na karanta saƙonnin, raina ya ɓaci sau biyu: don yaron, da kuma don sunan aikin da aka ɓata.

Ga yadda abin ya faru. An turo masa sanarwa ta WhatsApp cewa wata ƙungiya mai kare namun daji za ta ɗauki matasa aikin tsaro a gandun Termit da Tin Tumma, da albashi mai tsoka da babur. Akwai hoton mota mai tambarin barewa, akwai takarda da hatimi har biyu. Ya kira lambar, wani mutum mai taushin murya ya ce gurbi ya kusa cika, ya hanzarta ya aiko jika 10 na dosiye tare da hoton katinsa na ɗan ƙasa. Bayan kwana huɗu aka ce an zaɓe shi, saura jika 15 na kaki da takalmi. Daga nan sai jika 10 na gwajin likita, gwajin da ba a taɓa yi ba. Duk kuɗin da sunan mutum ɗaya ya aika su, ba da sunan ƙungiya ba. Aka ce ya zo tasha ranar Alhamis da asuba, mota za ta kwashe su zuwa Tasker. Ya tarar da samari shida, kowa da jakarsa, ɗaya ma daga Mirya ya taso ya kwana a tashar. Har azahar suna zaune. Lambar kuwa a kashe.

Abin da ya sa tarkon nan yake kamu shi ne sunayen da suke ambata duk na gaskiya ne. Gandun Termit da Tin Tumma yana nan, gwamnati ta kafa shi a 2012, yana cikin mafi girma a Afirka. A can ne ragowar adaks, dabbar hamada dangin barewa mai murɗaɗɗen ƙaho, ke rayuwa a daji, da mena, barewar nan da ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ta ɗauki sunanta. A Kelle, cikin yankin Gure, akwai wurin kiwon jiminar Sahara da ake fatan mayar da ita dawa. Mutanen kirki suna wannan aiki cikin rana da ƙishirwa, na san wasunsu, mun ci tuwo kwano ɗaya. Ban taɓa jin ɗayansu ya biya ko dala kafin a ɗauke shi ba. Ƙungiyar da ke da kuɗin biyanka albashi ba ta rasa na sayen takalminka ba.

Amma asarar kuɗin ba ita ta fi ci mini rai ba. Can ƙasan saƙonnin na ga wata sanarwa: duk wanda ya tsinci ɗan barewa maraya, ko kunkuru, ko ƙwan jimina, ya kawo a cece shi, za a ba shi tukuici. Jama'a, ku tsaya ku duba wannan magana da kyau. Barewa idan ta haihu, ɓoye ɗanta take yi a gindin ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo ta shayar da shi. Wanda ka gani kwance shi kaɗai, galibi ba maraya ba ne, uwarsa tana nan kusa tana jiran ka wuce. Ranar da aka sa wa ɗan barewa farashi kuwa, marayu za su yi ta bayyana, domin akwai wanda zai hau babur ya kori uwar har ta faɗi, ko ya harbe ta, ya ɗauko ɗan. A kawo shi gari a ɗura masa madarar gwangwani, zawo ya kama shi, kafin sati ya mutu. Na ga irin wannan da idona a gidajen masu hali da ke son a ga barewa a tsakar gidansu. Wanda ya rayu kuma sayar da shi ake yi, shi da manyan kunkurun nan na Sahel da ƴan kasuwar waje ke nema. Ba ceto ba ne wannan, fatauci ne aka sa wa riga.

Kuma ku sani, tun 1998 Nijar take da dokar farauta da kare namun daji. Idan ma'aikatan gandun daji suka tare hanya suka sami dabbar a buhu, yaron ƙauyen da ke riƙe da buhun shi zai amsa tambaya. Mai taushin murya yana can inda yake, ya cire layinsa ya jefar.

Haka zancen jakuna. Wani dillali da na daɗe da sani a kasuwar dabbobi ya ce mini wasu sun zo suna neman tsofaffin jakuna da masu rauni, wai za su kai su gidan hutu a yi musu magani, suna ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya tambaye su ina gidan yake, suka sauya magana. Kowa ya san fatar jaki ake nema, ana dafa ta a yi wani maganin gargajiya a ƙasar Sin. Saboda haka ne Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabarairu na 2024. Jakin da ke ɗebo wa gida ruwa daga rijiya, idan ya bar ƙauye ta wannan hanya, mata da yara ne za su koma ɗaukar jarka a ka.

Akwai kuma masu bidiyo. Za ka ga jaki da gyambo a baya, ko kare da ƙafa a karye, ana magana cikin murya mai ban tausayi, ana kawo hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare ruwa, sannan lambar aika sadaka ta biyo baya. Hadisin gaskiya ne, kuma shi ya sa abin yake da zafi, domin da imaninmu ake kama mu. Na bi wani shafi na irinsu a Facebook, na ga jaki ɗaya wata uku ana nuna shi, ciwon ɗanye kamar jiya aka yi shi. Ciwon kaya a bayan jaki, in an sauke masa kayan, ana wankewa ana sa magani, cikin ƴan makonni yake fara rufewa. Wanda bai rufe ba wata uku, to ba a so ya rufe ne. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya su suka fi faɗawa wannan, don ba su da halin zuwa su gani.

In wani ya zo muku da sunan ƙungiya, ku ce ya nuna takardar izininta ta hukuma, ku tambayi inda buronta yake a garin nan, ku taka da ƙafarku ku je. Kafin ku fitar da ko dala, ku biya ta ofishin muhalli ku tambayi ma'aikatan gandun daji ko sun san ta, domin babu mai taɓa namun daji a jihar nan da gaskiya ba tare da saninsu ba. Kada ku aika hoton katinku ga wanda ba ku taɓa gani ba. Da shi ake buɗe layin da za a cuci wani, sunanku ya fito. Dabbar daji in kun same ta da rauni, ma'aikatan gandun daji za ku kira, kada ku ɗauko ta. Ta gida kuwa, ofishin kiwo yana nan, kuma kuɗin maganin gyambo bai kai abin da ake roƙo a bidiyon nan ba.

Wanda aka riga aka cuta, don Allah kada ya yi shiru kamar yadda yaron nan ya yi. Ya adana rasit ɗin aika kuɗin, kada ya goge saƙonnin, ya kai kwamisariya ko wurin jandarmomi. Tun 2019 akwai dokar da ta tanadi hukunci kan zamba ta intanet. Mu mun kai namu ƙorafin, da shi da uku daga cikin samarin da suka haɗu a tasha. Sauran ukun sun ƙi zuwa, wai kada a yi musu dariya a unguwa.

Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu ta nuna mini wayar ɗanta. Motar nan ce dai mai tambarin barewa, hatimin nan ne guda biyu, an sauya sunan ƙungiya da lambar waya, dosiye kuma ya koma jika 12. Yaron ya riga ya ranto rabin kuɗin wurin yayarsa.